Ki Matsa Kusa da Taga

Akwai laifin da ba a kai mutum gaban alƙali a kansa, ba a kuma nuna mai shi da yatsa a titi. Shi ne sauraron iyaye da rabin kunne. Mutum ya ji sautin uwarsa, bai ji abin da ta ce ba, ya tashi yana ganin ya sauke nauyi. Wannan shi ne laifin Mai Gilashi, kuma ga yadda ya ƙare da shi.

Kada wani ya ce na kira shi mugun ɗa. Ba mugu ba ne. Sana'arsa haɗa tagogi da ƙofofin alminiyon, shagonsa na bakin babban titi, inda injin yanka ke kuka tun safe har rana ta faɗi. Bayan rasuwar mahaifinsa, tsohon gidansu ya fara zuba, sai ya ce wa mahaifiyarsa ta dawo wurinsa. Ta ƙi. Ta ce ba za ta je ta zauna wa surukarta a wuya ba, tana ƙirga mata cokula. Sai ya kama mata ɗaki da falo a hawa na biyu na wani bene, can ƙetaren gada, nesa da maƙwabtan da ta tsufa a cikinsu. Tayil a ƙasa, famfo a ciki, fanka a sama. Da hannunsa ya sa mata ƙofar ƙarfe mai sakata a sama. Da hannunsa ya cire tsohuwar tagar katako ya kafa tasa: gilashi mai kauri ninki biyu, roba a gefe-gefe, da maƙulli irin wanda sai ka danna da hannu ɗaya ka ja da ɗayan kafin ya buɗe.

"Inna, ko tayar mota ta fashe a ƙasa ba za ki ji ba," in ji shi, yana goge gilashin da gefen rigarsa.

"To in ni na fashe a sama fa, Babana?"

Babana take ce masa, don sunan mahaifinta aka sa masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Inna ba ta rabo da tsokana.

Akwai kuma wayar hannu, Auta ce ta aiko mata da ita. Auta ita ce ƙanwarsa, aure ya kai ta wata ƙasa mai nisa. Inna ba ta karatun boko, don haka Mai Gilashi ya koya mata gane mutane da hotonsu. Ya kafe nasa hoton a can sama, yadda ko ido rufe ta danna shi za ta samu. Ƙarƙashinsa hoton Ƙawa, tsohuwar maƙwabciyarta, wadda ciwon gwiwa ya hana hawa bene, kunnenta kuma ya yi nauyi. Sauran sai an ja allon da yatsa kafin a kai gare su. Ya nuna mata inda za ta ɗora yatsa ta riƙe, ta yi magana, ta saki. Tura abu kuwa ita ta gano da kanta: a danne saƙo har 'yar kibiya ta fito, a taɓa kibiyar, a taɓa hoton mutum. Da ta iya wannan, babu wanda ya sake hutawa. Wa'azi, maganin sanyin ƙashi, jariri yana dariya, akuya ta hau mota, duk sai ta tura wa kowa.

A faɗi gaskiya, wayar ta yi mata rana. Ta ga haƙorin farko na ɗan Auta daga inda take zaune. Ita da Ƙawa suka koma hirarsu ta da, wannan ta ajiye magana, waccan ta ɗauka, har gulmar mutanen da suka daɗe a ƙasa. Matar da take zuwa yi mata shara a farkon mako ta ce tun da ta san Inna ba ta taɓa jin ta tana dariya ita kaɗai ba sai yanzu.

Amma abin da wayar ta ba ta da dama, ta karɓe da hagu. Da, Mai Gilashi kullum in ya rufe shago sai ya ƙetare gada, ya zauna ko na shan ruwa ne. Da waya ta zo, zuwan ya koma na ƙarshen mako. Daga nan ya koma na in an samu sarari. Kuma ya kafa mata doka.

"Inna, don Allah ki daina kira da rana. Inji na kuka, ba na ji, ga mutane a kaina. Ki ajiye saƙon murya, zan saurara."

Yana saurara ɗin, ba a ce ba ya yi ba. Akwai ɗan abin da yake maƙalawa a kunne ɗaya, ɗaya kunnen yana wajen inji. Akwai kuma wurin da ake dannawa magana ta riƙa gudu ninki biyu, don tsofaffi suna da jan zance. Ya danna shi tun tuni, bai sake mayar da shi ba. In saƙon ya ƙare sai ya aika mata hoton babban yatsa a ɗage.

Wata rana da ya je, ta nuna masa.

"Wannan yatsan da kake turo mini, me yake cewa?"

"Yana nufin na ji, madalla."

"Kai ka ji, ko yatsan ne ya ji?"

"Kai, Inna!"

"A'a, tambaya na yi. Na ga ni na haifi mutum sukutum, ga shi yatsa kawai ake dawo mini da shi."

Nan ma dariya ya yi.

Cikin saƙonninta na safe akwai wani da ta yi ranar da aka tashi da ruwa. Inna tana son ruwan sama, sai ta sa hannu biyu ta buɗe tagar don ta ji ƙamshin ƙasa, ta tsaya a wurin ta yi magana: "Babana, ina kwana. Na tashi lafiya lau, alhamdu lillahi. Ka gaida mutan gidan. Allah ya yi maka albarka." Bayan muryarta ana jin ruwa yana dukan kwanon rumfar da ke ƙasa. Ya ji, ya aika yatsa. Damina ta wuce, sama ta bushe, saƙon yana nan cikin tarin 'yan'uwansa.

Ranar da abin ya faru, ta idar da sallar asuba, gari ya waye, ta haɗa shayi. Tana ɗauke da kofin daga kicin zuwa falo sai ta ga ya bar hannunta. Ba ta ji ta sake shi ba, ganinsa kawai ta yi a ƙasa ya tarwatse. Ta dubi hannun damanta yana lilo kamar na wani. Kafin ta gama mamaki ƙafar dama ita ma ta lanƙwashe, ta zube tsakanin kujera da tebur, kumatunta a kan tayil mai sanyi, shayin yana malalowa yana jiƙa mata zane.

Ta yi yunƙurin tashi, rabin jikinta ya ƙi. Ƙofa a kulle, sakatar tana can sama. Maƙwabtan benen ma'aikata ne, tun duku-duku suke fita. Mai shara ta riga ta zo a makon, sai wani kuma.

Wayar tana kan tebur. Ta miƙa hannun hagu ta ja ƙyallen teburin har wayar ta faɗo kusa da ita. Ta so ta kira, sai ta tuna doka: ba a kira da rana. Dubi wannan tsohuwa, tana kwance cikin fasassun kofi, tana kiyaye dokar ɗan da ta goya. Ta danna hotonsa, ta ɗora yatsa, ta ce, "Babana, ka zo, na faɗi." Haka ta faɗa a zuciyarta, kalma bayan kalma, sarai. Ta saki.

Sai da ta taɓa saƙon don ta ji ko ya shiga, ta ji abin da ya fito daga bakinta. Wani gurnani ne mai ja, kamar mutum na magana da tsumma a baki. Babu kalma ɗaya da ta tsaya da ƙafarta. Ta kai hannu ta shafa fuskarta, ta ji gefen bakin ya zame ƙasa, yawu na bi.

A shago kuwa, wani ɗan kwangila ne ya tsare Mai Gilashi tun safe, yana son tagoginsa a gama a ranar.

"Malam, ka ce mini jiya, jiya ka ce mini shekaranjiya. Ko sai na kawo katifa na kwana a nan?"

"Ranka ya daɗe, ga su ana yankawa, da idonka kake gani."

Injin yana ihu, garin alminiyon yana tashi. Wayar ta motsa a aljihu. Ya ga Inna ce, ya danna, tef ɗin awo a hannu ɗaya, fensir a baki. Gurnanin nan ya shigo kunnensa da gudu ninki biyu, ya gauraya da kukan inji. Ya yamutsa fuska, ya cire fensirin, ya ɗora yatsa.

"Inna, sabis ɗinki ba kyau. Maganar sai yankewa take, kamar kina cikin rijiya. Ki matsa kusa da taga."

Ya mayar da wayar aljihu, ya ce wa ɗan kwangila, "Kamfanonin nan, Allah dai ya shirye su."

Inna ta ji amsar. Muryarsa ta fito tar, har da kukan injin a bayanta. Ta kalli tagar. Tana ganinta daga inda take, a ƙarshen falo, taku kaɗan ga mai ƙafa. Sai wani tunani ya zo mata: wataƙila gaskiyarsa ne. Shi ya san waya, ita me ta sani? Wataƙila bakinta lafiya lau yake, sabis ne ya cinye maganar.

Ta cusa wayar a wuyan rigarta. Ta kafa gwiwar hannun hagu a tayil ta ja. Tayil ɗin da ya zaɓa mata mai sulɓi ne, don ya yi sauƙin gogewa, babu inda za a kama. Ta ja, ta huta, ta ja. Wani ɓallin kofi ya yanke ta a damtse, ba ta tsaya duba shi ba. Ƙafar dama tana biye da ita kamar buhun da aka ɗaura mata. Ta kama ƙafar kujera, kujerar ta biyo ta maimakon ta riƙe ta. Lokacin da kanta ya taɓa bangon da ke ƙarƙashin tagar, hasken rana ya riga ya bar tebur ya koma tsakiyar ɗaki.

Ta fito da wayar, ta sake yi. Wannan karon a hankali, tana rarrabe kalmomin kamar mai tsintar tsakuwa a hatsi. Ba-ba-na. Ka. Zo.

Amsa ta daɗe kafin ta iso.

"Har yanzu dai, Inna. Ki ɗaga wayar sama, sama sosai, ko ki buɗe tagar. In ya ƙi ki bari sai anjima, yakan dawo da kansa."

Ta ɗaga wayar sama iyakar tsawon hannunta. Ta yi magana tana kallon silin. Hannun ya gaji ya faɗo mata a ƙirji.

A nan ta karya doka, ta danna kira. Wayar ta yi ƙara a aljihunsa daidai lokacin da shi da ɗan kwangila suke riƙe da babban gilashi, kowa da gefensa.

"Ɗauka mana, ko uwargida ce ake tsoro?" in ji ɗan kwangila.

"Tsohuwata ce. Tunda aka ba ta wayar nan ba ta barin mutum ya numfasa."

"Ai gara kai. Tawa bidiyo take kira, ta kafa mini silin ɗin ɗakinta, mu yi ta hira da fanka."

Suka yi dariya. Da suka jingine gilashin ya katse kiran, ya ajiye mata magana: "Ina tsakiyar aiki, Inna. Zan kira ki in na tashi."

Sai ta koma ga hoto na biyu. Ƙawa ba ta da aikin da ya wuce wayar, nan take ta amsa, da muryarta ta masu nauyin kunne, kamar tana kiran wani a ƙetaren kogi.

"Ke ƙawa! Me kike ci ne haka kike mini magana? Ki haɗiye tukuna mana! Tsufa dai bai hana ki haɗama ba. Ni kam ban ji komai ba. Bari in ba ki labari, gwiwar nan jiya ba ta bar ni na runtsa ba, na shafa man da kika turo mini hotonsa, wallahi kamar na shafa wa bango…"

Labarin gwiwa ya yi ta zuba a ɗakin. Inna tana kwance tana saurare, hawaye na gangarowa ta ido ɗaya zuwa cikin kunnenta.

Saura Auta. Hotonta yana ƙasa, sai an ja allo. Babban yatsan hagu bai saba ba. Ta ja, allon ya tsallake. Ta sake ja, wani abu dabam ya buɗe: wani saurayi da hular mata a kansa yana wasan barkwanci, mutanen da ba a gani suna ta ƙyaƙyata dariya. Ta danna nan, ta danna can, ya ƙi tsayawa. Yana ƙarewa wani ya hau, mai kiɗa. Bayansa wata mata tana koyar da ɗaurin ɗankwali. Haka suka yi ta wucewa a kan ƙirjinta, suna dariya, suna rawa, suna shanye mata caji, kafin ta samu ta komo inda ta sani. Abin cajin kuwa yana cikin ɗakin kwana, a jikin soket ɗin da ke saman gado.

Ta kama labule da hannun hagu, ta ja jikinta sama har goshinta ya kai gilashi. Ga titi a ƙasa. Ga mai gyaran takalma a bakin rumfa, ga masu jiran mota, ga wata mata da yaro a hannu. Kusan kowa kansa a sunkuye, yana kallon tafin hannunsa. Ta buga gilashin da goshi. Ta yi ihu iyakar ƙarfinta. Gilashin nan aikin gwani ne, bai bar ko ɗigon sauti ya fita ba. Ta kai haɓa ga maƙullin tana neman dannawa, amma wa zai ja? Ƙugiyoyin labulen suka ɓalle ɗaya bayan ɗaya, ta koma ƙasa da labulen a kanta.

Da rana ta yi sanyi, Mai Gilashi ya sallami ɗan kwangila, ya rufe shago. Bai kira ba. Gajiya ta yi masa yawa, kuma kiran Inna ba ya ƙarewa da wuri. Yana tafiya wajen motarsa ya ajiye mata saƙo: "Inna, yaya sabis ɗin, ya dawo? Ki turo in ji lafiyarki."

Inna ta ji. Kanta bai taɓu ba, hankalinta yana nan daram, wannan ma shi ne abin tausayin. Ta yi lissafi irin na mai hankali. Yaron nan yana cewa sabis ne. To bari ta tura masa maganar da ta san lafiyayya ce. In ya ji ta fito tar daga wannan wayar, daga wannan wurin, zai gane sabis ba shi da laifi. Zai ce, to me ya sami bakin Inna ɗazu? Zai juyo da mota.

Wannan aikin yatsanta ya san shi ko a hagu. Ta ja sama cikin tsofaffin saƙonninta, inda ya tsaya ta danne, kibiya ta fito, ta taɓa, ta taɓa hotonsa.

Yana cikin cunkoson motoci saƙon ya shigo. "Babana, ina kwana. Na tashi lafiya lau…" Da gudu ninki biyu, cikin ƙarar hon. Bai ji ina kwana da yamma ba. Bai ji ruwa ba. Bai ga 'yar kibiyar da ke saman saƙon ba. Lafiya lau kawai ya ji, don ita yake nema.

"Yauwa! Ga shi sabis ya dawo. Madalla, Inna, a huta gajiya."

Ya bi da yatsa.

Ta sake tura shi. Ta kuma turawa. Ta yi ta turawa, ko yawan zai sa ya tsargu. Yana cin abinci a gida wayar tana ta motsi a kan tabarma, ya leƙa ya ce wa matarsa, "Inna da wayar nan. Yau kuma abu ɗaya ta samu take ta dannawa." Ya kife ta.

Can a ƙetaren gada allon ya yi ja, ya yi duhu. Daren da tsohuwar nan ta yi a ƙarƙashin taga, da ƙishirwa, da jiƙaƙƙen zane, ba zan bayyana shi ba. Mai uwa ya auna da kansa.

Da safe suna karyawa, matarsa ta ce, "Baban yara, Inna ta turo kuwa? Ina so in tambaye ta ko a kai mata labulen da ta ce."

"Yau shiru. Amma jiya da yamma ta turo, lafiyarta ƙalau. Ji ma."

Abin kunnen nasa yana caji, don haka a fili ya kunna. Matar ta ce, "Kai, rage mata gudun nan, kamar ana korar ta." Ya mayar da shi daidai. Muryar Inna ta cika ɗakin, a natse, da ruwa yana dukan kwano a bayanta.

Matar ta ajiye kofinta.

"Ruwa aka yi a unguwarsu jiya?"

"Wane irin ruwa ana wannan zafin?"

"To ga shi ina ji. Kuma ka ce da yamma ta turo, ina kwanan me take yi?"

Ta karɓi wayar daga hannunsa. Ta ga kibiyar. Ta ga saƙon iri ɗaya jere reras. Ta ja sama zuwa na safiyar jiya, ta taɓa na farko. Babu inji, babu hon, babu gudu. Gurnanin ya fito a yadda aka yi shi, da jan numfashi tsakanin gaɓa da gaɓa. Ta taɓa na biyu. A cikinsa ko kurma zai tsinci Babana.

"Sabis ne," in ji shi, amma muryar ba tasa ba ce.

"Baban yara, sabis ba ya nishi."

Bai tsaya neman takalmi na biyu ba. Gada a cike take da masu tafiya aiki, ya yi ta dukan sitiyari yana kiran wayar da ke kashe. Ya hau benen da gudu, ya sa makullinsa, makulli ya juya, ƙofa ta ƙi. Sakatar sama. Ya doke ta da kafaɗa, ya doke ta da ƙafa. Shi ya zaɓi ƙarfen, shi ya ɗaure ta, ya san ba za ta ba da kai ba. Kayan aikinsa kuma suna shago. Sai da ya sauka ya roƙi guduma da ƙarfen ɓanɓara a wurin masu facin taya, shi da mai gyaran takalma suka yi ta fama har bangon gefen ya farfashe.

Ya ga fasassun kofi. Ya ga sawun da jikinta ya bari a tayil, daga tebur har bango, shayi da jini sun bushe a kai. A ƙarshen sawun ga Inna, rabinta cikin labule, wayar a ƙirjinta, daidai ƙarƙashin taga, inda ya ce ta matsa.

Idonta a buɗe. Ya durƙusa ya ce, "Inna. Inna, ga ni." Ta buɗe baki, sautin nan na jiya ya fito, babu waya a tsakaninsu.

A asibiti likita ta tambaye shi, "Yaushe abin ya fara?"

Ba sai ya yi dogon tunani ba, lokacin yana rubuce a wayarsa, kusa da saƙon farko. Ya nuna mata. Ta dubi allon, ta ga amsoshinsa a jere da yatsan a ƙarshe, ta dube shi. Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi.

"Shanyewar ɓarin jiki ce. Irin wannan ciwon, sa'o'in farko su ne komai. Da jiya da safe aka kawo ta, da akwai abin da za mu gwada. Yanzu sai dai mu kula da abin da ya rage."

Auta ta kira daga ƙasar da take. Matarsa ta riga ta gaya mata komai.

"Yaya, ka ji muryarta?"

"Na ji, amma inji…"

"Ka ji ta, ka ce ta matsa kusa da taga."

"Auta, wallahi na ɗauka…"

"Kuma ta matsa."

Ta kashe.

Inna ba ta mutu ba. Da aka sallame ta, gidansa aka kawo ta, gidan da ta ce ba za ta zauna wa kowa a wuya ba. Surukar ce take juya ta, take yi mata wanka, take ba ta abinci a baki. Ƙawa ta sa aka ɗauko ta a mota, ta zauna a bakin gado tana kuka tana cewa, "Ni da na ce ki haɗiye! Ni da na ce miki mai haɗama!" Inna ta shafa mata gwiwa da hannun hagu.

Yanzu Mai Gilashi yana rufe shago da wuri. Ya jefar da abin kunnen. Yana zama a gabanta da kunnuwa biyu a buɗe, babu inji, babu gaggawa, ya ce, "Faɗi, Inna, ina ji." Tana faɗa. Takan daɗe tana faɗa, jijiyar wuyanta na tashi, idonta a kansa. Ba ya gane ko kalma ɗaya. Ya kawo ruwa, ta kau da kai. Ya gyara matashi, ta rufe ido.

Wata yamma da ba kowa a ɗakin, ya kama hannunta mai rai, ya ce, "Inna, kin yafe mini?"

Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta zare hannun daga nasa, ta dunƙule shi a hankali, ta ɗaga masa babban yatsa.

Ya zauna yana kallon yatsan. Na yafe ne? Na ji ne? Ko tashi ka ba ni wuri? Ko tsokanar nan tata ce ta da? Babu wanda zai tambaya, don mai amsar ita ce a kwance.

To ga abin da ya rasa, a ƙirga masa. Ya rasa muryar uwarsa, tana raye a ɗakin da ke kusa da nasa. Ya rasa Babana, don babu wani mai kiransa haka a duniya. Ya rasa albarkar da ake sa masa kowace safiya yana sa mata gudu don ta ƙare da wuri. Ya rasa hannun daman da ya goya shi, da ƙafar da take takowa ta buɗe masa ƙofa. Ya rasa ƙanwarsa, wadda yanzu wayar matarsa take kira in tana son ganin Inna, in ya shigo ɗakin ta ce sai anjima. Ya rasa sanin ko an yafe masa. Abin da ya rage a hannunsa saƙo ɗaya ne, an turo shi sau da yawa, na wata tsohuwa a bakin buɗaɗɗiyar taga tana cewa ta tashi lafiya lau, ruwa yana zuba a bayanta.